Iyakar Gashi a Kan Cutar Dajin Mabiyiya

A shekarar 1895 abubuwa biyu suka faru a ƙasar Jamus, waɗanda a lokacin babu mai ganin wata dangantaka a tsakaninsu. A garin Würzburg, cikin watan Nuwamba, Wilhelm Röntgen ya gano wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa nama ya fito da hoton ƙashi, wanda a yau muke kira eksire. A garin Marburg kuwa, wani masanin cututtuka mai suna Felix Marchand ya raba gardamar da likitocin mata suka daɗe suna yi a kan wani mugun ƙari da kan tsiro a mahaifa bayan ɓari ko haihuwa, ya kashe mace cikin 'yan watanni. Kafin shi, Max Sänger ya ɗauka daga jikin mahaifar uwa ƙarin yake fitowa. Marchand ya nuna cewa daga mabiyiya yake, wato daga naman cikin da aka ɗauka, kuma a 1910 James Ewing na Amurka ya raɗa masa sunan da likitoci ke kiransa da shi har yau, koriyokasinoma. Duk wanda ya ga yadda hasken Röntgen da sinadarin radiyam, wanda Marie da Pierre Curie suka gano a 1898, suka mamaye maganin cutar dajin mata a shekaru hamsin da suka biyo baya, zai zaci ita ma wannan cuta a hannunsu za ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Abin da nake so in nuna shi ne halin cutar kansa ne ya shata wa gashi, wato jinya da wannan haske, iyaka tun daga farko, ba ƙarancin ƙarfin na'ura ba, kuma ɗan gurbin da ya rage masa, wato ƙwaƙwalwa, shi ma kullum sai ƙara tsukewa yake yi.

Sai an san aikin mabiyiya kafin a gane dalili. Ko a cikin lafiyayyen ciki, ƙwayoyin halittar mabiyiya kutse suke yi. Su ne ke huda bangon mahaifa, su shiga jijiyoyin jinin uwa, su buɗe su don jini ya kwarara ya ciyar da ɗan tayi. Wannan kutse yana da linzami, yakan tsaya inda ya kamata, kuma idan aka haihu mabiyiya ta faɗo, magana ta ƙare. To idan linzamin ya tsinke, abin da ya rage shi ne nama wanda sana'arsa ta asali ita ce shiga jijiyar jini. Yawancin cututtukan daji sukan yi shekaru suna girma a wuri guda kafin su sami hanyar bazuwa, ita kuwa wannan da ƙafarta a cikin jini aka haife ta. Shi ya sa a cikin matan da cutar ta bazu a jikinsu, kusan takwas cikin goma a huhu ake samunta, kusan uku cikin goma a farji, sannan kusan ɗaya cikin goma a hanta ko a ƙwaƙwalwa. Sau da yawa ma akan duba mahaifar a tarar babu komai, ƙarin farko ya ɓace, 'ya'yansa kuwa sun cika huhu. Cutar ba ta da yawa, a Turai da Amurka takan biyo bayan ciki ɗaya cikin dubu arba'in ko hamsin. Kusan rabin masu ita sukan same ta ne bayan irin cikin nan da mabiyiya ke rikiɗewa ta zama ƙulle-ƙullen ruwa, wanda ake kira cikin inabi, sauran kuma bayan ɓari ko ma bayan haihuwa lafiya lau. Ƙarin yana da taushi, cike yake da jini, kuma abin da ya fi kashe masu shi da gaggawa shi ne fashewa.

Gashi kuwa makami ne na wuri guda. Inda aka saita hasken nan ne kawai yake aiki, kuma nasararsa ta farko a jikin mata ta zo ne daga cutar da ta dace da wannan hali. Cutar dajin bakin mahaifa takan daɗe a mazauninta, tana cin abin da ke kusa da ita sannu a hankali, kuma wurin yana da sauƙin kaiwa. Tun a 1903 Margaret Cleaves ta sanya radiyam a jikin mai wannan cuta a birnin New York. A 1910 aka buɗe asibitin Radiumhemmet a Stockholm, a Paris kuma Claudius Regaud ya yi ta gyara yadda ake rarraba hasken, sannan a 1938 masanan Manchester suka fito da ƙa'idar auna shi da duniya ta bi shekaru da yawa. Mata sun warke ba tare da an taɓa su da wuƙa ba. Ganin haka likitoci suka juya hasken kan koriyokasinoma, kuma ba za a ce sun yi wauta ba, domin ƙarin yana jin haske: inda aka gasa yakan motse, jini ya tsaya. Amma kafin a gama gasa na farji, na huhu ya ninka, kuma babu mai iya gasa huhu biyu da hanta da ƙwaƙwalwa gaba ɗaya da ƙarfin da zai kashe cutar ya bar mai ita da rai. Abin ya yi kama da manomin da ke ƙona ƙudujin da ya gani a kunya ɗaya, alhali iska ta riga ta watsa irinsa a gona duka. Wuƙa ma ba ta yi abin a zo a gani ba. Rajistar da John Brewer ya tattara a Shikago ta nuna cewa a cikin matan da aka cire wa mahaifa tun ba a ga alamar bazuwa ba, kusan huɗu cikin goma ne kawai suka kai shekara biyar, sauran cutar ta riga ta yi gaba ba a sani ba. Idan kuwa ta bazu sosai, kusan tara cikin goma ba sa wuce shekara guda. Ga kuma wata asara da ba a cika lissafawa ba. Masu cutar nan yawanci 'yan mata ne a farkon aure, kuma ƙwayayen haihuwa ba su da juriyar haske ko kaɗan, ɗan hasken da bai kai gire biyu a ma'aunin gashi ba yana iya kashe rabinsu. Likitocin wancan zamani sun san da haka, don da gangan suke gasa ma'ajiyar ƙwai su tsayar da haila ga mata masu yawan zubar jini. Saboda haka ko wadda ta tsira, ta wuƙa ko ta haske, haihuwa ta ƙare mata.

Mabuɗin ya fito ne daga fitsari. A Berlin, wajen 1927 zuwa 1928, Selmar Aschheim da Bernhard Zondek suka gano cewa fitsarin mai ciki yana ɗauke da wani sinadari da mabiyiya ke fitarwa, wanda idan aka yi wa 'yan ɓeraye allurarsa sai ma'ajiyar ƙwansu ta kumbura. Shi ne hCG, sinadarin da ke fito da layi na biyu a tsinken gwajin cikin da ake sayarwa a kowane kemis yanzu. Ba a daɗe ba aka lura cewa masu cikin inabi da masu koriyokasinoma suna fitar da shi fiye da kima. Wannan ya ba cutar wata siffa da kusan babu wata cutar daji mai irinta: tana kai rahoton kanta. Muddin akwai ƙwayoyinta masu rai a jiki, a huhu suke ko a ƙwaƙwalwa, sinadarin zai bayyana, kuma yawansa yana tafiya da yawansu. Sai dai a shekarun 1930 da 1940 wannan sani bai tsinana wa marasa lafiya komai ba, likita yana ganin adadin yana hawa, ba shi da abin da zai saukar da shi.

Abin saukarwar ya biyo ta wata doguwar hanya. A Bombay, farkon shekarun 1930, Lucy Wills ta gano cewa wani irin ƙarancin jini da ke kama mata masu ciki yana warkewa da wani abu da ke cikin yis, wanda daga baya aka san shi da folik asid. Nama mai saurin girma ba ya iya yi sai da shi. A Boston, 1947 zuwa 1948, Sidney Farber ya yi amfani da maganin da ke toshe aikin folik asid ya danne cutar dajin jini a jikin yara na ɗan lokaci, kuma daga dangin wannan magani metotirekset ya fito. A Cibiyar Cutar Daji ta Ƙasa da ke Bethesda a Amurka, Roy Hertz ya riga ya nuna a jikin dabbobi cewa naman hanyar haihuwa ba ya girma idan babu folik asid, sannan an ga yadda irin waɗannan magunguna ke zubar da ciki. Wanda ya haɗa zaren shi ne Min Chiu Li, likita haifaffen ƙasar Sin, wanda tun yana asibitin Sloan-Kettering ya lura cewa metotirekset ya saukar da hCG a jikin mai wata cutar daji ta daban. A ƙarshen 1955 aka kawo wata mata 'yar shekara 24 Bethesda, cutar ta cika mata huhu, jini yana taruwa a ƙirjinta, ba a sa ran za ta kwana. Li ya ba ta metotirekset. Ta kwana, ya ƙara mata, bayan 'yan watanni hoton ƙirjinta ya washe, ta koma gida da ƙafarta. A 1956 Li da Hertz da Donald Spencer suka buga rahoton. Wannan ne karo na farko da magani kaɗai, ba wuƙa ba haske, ya warkar da ƙarin daji da ya riga ya bazu a jikin mutum. Li bai tsaya a nan ba. Ya ƙi daina ba da maganin don kawai hoto ya nuna babu komai, ya ce sai hCG ya koma sifiri, ko da kuwa matar tana jin garau. Shugabanninsa suka ga yana shayar da mata guba saboda lamba a takarda, suka sallame shi a 1957. Lokaci ya gaskata shi, domin waɗanda aka tsayar wa magani da wuri cutar ta dawo musu, nasa kuwa suka zauna lafiya. A 1972 aka ba shi lambar yabo ta Lasker tare da Hertz da wasu.

Masu shakka a wancan lokaci suna da hujjar da ba ta raini ba ce. An san cewa jefi-jefi wannan cuta takan ɓace da kanta, musamman bayan an cire ƙarin mahaifa, wataƙila saboda naman na ɗan tayi ne, yana ɗauke da gadon uba, kuma garkuwar jikin uwa tana iya ganinsa a matsayin baƙo. Suka ce ai abin da Li ya gani ke nan. Yawan adadi ne ya rufe bakin wannan magana. A 1961 Hertz ya ba da rahoton mata 63 masu cutar da ta bazu, kusan rabinsu sun warke sarai, abin da sa'a ba ta taɓa yi ba. Da aka ƙara wani magani, aktinomaisin D, ga waɗanda metotirekset bai yi musu ba, rahoton 1965 ya kai kusan uku cikin huɗu. A Landan, Kenneth Bagshawe ya fara irin wannan aiki a 1957, a Beijin kuma Song Hongzhao ya bi tasa hanyar da wasu magunguna daban, ya isa wuri ɗaya. Nahiyoyi uku, magunguna mabambanta, sakamako iri guda. Kuma matan sun tsira da mahaifarsu, fiye da takwas cikin goma na masu neman haihuwa bayan magani sukan sami ciki.

A nan wani zai ce to ai haske ya fita daga labarin ke nan. Bai fita ba, aiki ya sauya. A ganina babbar hidimar da ya yi wa masu wannan cuta ta gani ce da aunawa. Hoton ƙirji shi ne ya fara nuna dunƙule-dunƙulen nan a huhu, shi ne kuma ya shaida sun narke. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, inda ake ganin cutar fiye da yadda ake ganinta a Turai, likitan mata Paul Hendrickse da likitan hoto Peter Cockshott suka riƙa ɗura ruwan rini a jijiyoyin ƙugu suna ɗaukar eksire don su ga ƙarin a cikin bangon mahaifa, suka buga aikinsu a wata babbar mujallar likitoci ta Boston a 1964, tun sikanin bai zama ruwan dare ba. Awon hCG kansa ya bar hannun ɓeraye da zomaye da kwaɗi ne albarkacin dabarar Rosalyn Yalow da Solomon Berson, wadda ke amfani da ɗigon sinadari mai fitar da haske don ƙirga abin da ke cikin jini. A 1972 Judith Vaitukaitis da abokan aikinta suka gyara dabarar yadda za ta bambance hCG da wani sinadari mai kama da shi, aka iya bin cutar har zuwa ƙwayoyinta na ƙarshe. Ƙa'idar da aka kori Li a kanta da wannan awo ta tsayu da ƙafarta. Sannan na'urar sitisikan, wadda aka fara ɗaukar hoton kan mutum da ita a Landan a 1971, ita ta buɗe wa likitoci cikin ƙoƙon kai.

Ƙoƙon kai kuwa nan ne gashi ya sami mafaka, kuma da dalili mai ƙarfi. Akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke hana yawancin magunguna ƙetarawa, don haka metotirekset a ma'aunin da aka saba bayarwa yakan share huhu ya bar na kai yana girma. Ga shi kuma ƙarin mai fashewa ne, kuma wani lokaci maganin ne ma ke jawo fashewar, idan ya narkar da shi da sauri jijiya ta buɗe. Jinin da zai zuba a ciki mutum ya rayu, idan ya zuba a cikin kai ajali ne. Likitocin Bethesda suka fara gasa kai gaba ɗaya tare da ba da magani, Kirkland Brace ya ba da rahoton haka a 1968, kuma cibiyoyin da aka kafa don wannan cuta a Shikago da Boston da jami'ar Duke suka mayar da shi al'ada: da zarar an ga cutar a ƙwaƙwalwa, sai a gasa kai da kusan gire 30 a cikin zama goma. Manufa biyu ce, a kashe ƙarin, a kuma toshe jijiyoyinsa kafin su fashe. Wasu ma har hanta suka riƙa gasawa saboda tsoron zubar jini, kafin a koyi toshe jijiyar hanta ta cikin bututu. Hujja mafi nauyi da wannan ɓangare ke riƙe da ita ita ce rahoton Edgardo Yordan na 1987. A cikin mata 25 da aka ba magani kaɗai, 11 cutar kai ce ta kashe su. A cikin 18 da aka haɗa musu magani da gashi, ko ɗaya ba ta mutu ta wannan hanya ba. Wanda duk ya ce gashi bai ceci rayuka ba a wancan zamani bai yi adalci ba.

Amma Landan ta ƙi bin wannan hanya, kuma amsar da ta bayar ita ce ta fi gamsar da ni. A asibitin Charing Cross, Bagshawe da Edward Newlands da Gordon Rustin suka ce idan matsalar shinge ce, to a ƙetare shi da maganin kansa. A 1979 suka fito da haɗin magunguna biyar da ake kira EMA/CO, kuma ga masu cutar a kai suka ɗaga metotirekset zuwa giram guda a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, ma'aunin da ke tilasta masa shiga ƙwaƙwalwa, sannan suka ƙara wani ta allurar ƙashin baya kai tsaye cikin ruwan da ke kewaye da ita. Idan akwai ƙari ɗaya a kusa da ƙoƙo mai barazanar fashewa, likitan tiyata ya buɗe ya cire shi. Rahotonsu na 2002 da na 2015 duk sun nuna sama da takwas cikin goma sun warke ba tare da an gasa kai gaba ɗaya ba, kuma cibiyoyin da ke gasawa ba su wuce haka ba. Saura tsoron fashewa a makonnin farko. Shi ma maganinsa ya fito ba daga haske ba: aka koyi fara wa masu cutar da ta yi nisa da ɗan ƙaramin ma'auni na etofosaid da sisfilatin, a narkar da ƙarin a hankali kafin a kawo babban haɗin. Da wannan dabara mutuwar farkon magani a Charing Cross ta sauko daga kusan kashi 7 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 1. Dalilai biyun da suka sa ake gasa kai, an biya su duka ta wata hanya.

Gaskiya ne ba a taɓa raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a an gwada hanyoyin nan kafaɗa da kafaɗa ba, kuma da wuya a yi, don ko babbar cibiya takan yi shekara ba ta ga masu cutar a kai fiye da ɗaya ko biyu ba. Mai goyon bayan gashi yana iya cewa, tunda haka ne, lambobin Landan ba su fi na Yordan daraja ba. Sai dai matan Yordan da aka ba magani kaɗai sun sha magungunan zamanin da ne, a ma'aunin da ba ya ƙetare shinge. Abin da rahotonsa ya tabbatar shi ne gashi ya fi raunanan magani, bai tabbatar da cewa ya fi ƙaƙƙarfa ba. Kuma idan hanyoyi biyu suka kai wuri ɗaya, sai a dubi kuɗin mota. Yawancin waɗanda ake gasa wa kai saboda wasu cututtukan daji tsofaffi ne da ake neman sauƙaƙa wa watannin ƙarshe, illar da za ta zo bayan shekaru ba ta cika riskarsu ba. Mai koriyokasinoma kuwa yarinya ce da za ta warke ta yi shekara arba'in ko hamsin a duniya da wannan ƙwaƙwalwa. Gashin kai gaba ɗaya yana iya barin mantuwa da nauyin tunani da zubewar suma ta dindindin, kuma an san tun daga jinyar yara masu cutar dajin jini cewa haɗa shi da metotirekset mai yawa yana iya lalata farin naman ƙwaƙwalwa, lalacewar da ba ta gyaruwa. Nasarar maganin ce da kanta ta sa farashin gashi ya yi tsada, domin a zamanin da kusan kowa mutuwa take yi, babu wanda ya damu da abin da zai faru bayan shekara goma.

Abin da ya rage wa haske a yau ɗan wuri ne, amma nasa ne. Likitan ƙwaƙwalwa Lars Leksell na Siwidin ya ƙera na'urar Gamma Knife a 1968, mai tattara siraran haske kusan ɗari biyu daga kowace kusurwa su haɗu a ɗigo ɗaya, su ƙona shi su bar abin da ke kewaye. Idan an gama magani aka ga saura ƙari ɗaya a can cikin ƙwaƙwalwa inda wuƙa ba ta isa, ko wani da ya ƙi jin magani, nan ake kiranta. Ko a 'yan uwan cutar da ba su cika jin magani ba, irin wanda ke tsirowa a gurbin da mabiyiya ta zauna, cire mahaifa ake yi, ba gashi ba. Ga masu cutar da ta gagari dukkan haɗe-haɗe kuwa, tun daga 2017 hankali ya koma kan magungunan da ke kwance wa garkuwar jiki ɗauri ta far wa baƙon nama, wato dai abin da masu shakkar zamanin Li suka hango ba su san yadda za su sarrafa shi ba.

Akwai wani abu da Birtaniya ta yi a 1973 wanda ba na'ura ba ne ba kuma magani ba, amma ya fi kowanne rage yawan matan da cutar ke kai wa ƙwaƙwalwa. An kafa tsarin rajistar duk matar da ta yi cikin inabi a ɗaya daga cibiyoyi uku, Charing Cross da Sheffield da Dundee. Daga gida take aika fitsari da jini ta gidan waya, ana auna hCG har ya sauka ya zauna, kuma ana roƙonta ta dakata da ɗaukar wani ciki na wasu watanni don kada sabon ciki ya rikita awon. Kusan kashi 15 cikin ɗari na masu cikakken cikin inabi adadinsu yakan ƙi sauka, sai a kira su tun cutar ba ta yi ƙarfi ba, a ba su magani guda ɗaya, kuma kusan dukkansu suna warkewa. Wannan ɓangare na tarihin shi ya fi shafar mu. A Najeriya gashin cutar daji ya fara ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, inda aka kafa na'urar kobal a 1973, Ibadan ta biyo baya a 1987, daga baya Zariya da Abuja da Sakkwato da wasu, Yamai kuwa sai a 2021 ta buɗe cibiyarta ta farko. Na'urorin ba su isa ba, kuma sukan lalace su daɗe a kwance. Duk wanda ya karanta abin da na faɗa a sama a matsayin hujjar rage neman su ya yi mini mummunar fahimta, domin cutar dajin bakin mahaifa, wadda ke kashe matanmu ninkin-ba-ninkin wannan, ba ta da makawa sai gashi idan ta yi nisa. Amma mai koriyokasinoma ba layin na'ura ne ke kashe ta ba. Abin da ke kashe ta shi ne a yi mata wankin ciki a zubar da abin da aka fitar ba a kai ɗakin gwaji ba, a sallame ta ba a ce ta dawo awo ba, jini ya yi ta ɗiga watanni ana cewa ragowar ɓari ne ko ciki ne ya kwanta, ta fara tarin jini a ɗora ta a kan maganin tarin fuka, sai ranar da ta yanke jiki ta faɗi da farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki sannan wani ya tuna da tsinken gwajin ciki. Metotirekset da aktinomaisin D tsofaffin magunguna ne, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba sa bukatar ginin kankare mai kaurin mita biyu. Ga wadda ta riga ta iso da cutar a kai kuwa, a asibitin da babu Gamma Knife, babu likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a kusa, babu kuma halin auna metotirekset a jini don a ba da babban ma'auni cikin aminci, lissafin Yordan yana nan da ƙarfinsa, kuma likitan da ya tura ta a gasa mata kai tare da maganin da ke hannunsa yana da hujjar da zai kare kansa da ita.